Kalmar "Tamowa" a Cibiyoyin Renon Yara na Unguwa

Wannan maƙala ta dubi wata matsalar ma'ana da ke fuskantar matan da ke riƙe da cibiyoyin renon yara. Bahaushe na kiran cutar ƙarancin abinci ta yara da suna ɗaya, wato tamowa, alhali likitoci sun kasa ta gida biyu. Akwai mai ramar da yaro, wadda ake ganewa da ma'aunin damtse: in kaurin ya gaza santimita 11.5, abin ya tsananta. Ɗayar ita ce kwashiyoko, kalmar da Cicely Williams ta aro daga harshen Ga na Ghana a 1935, ma'anarta kuwa ta yi kusa da abin da muke dangantawa da rurrutsa.

A nan gizo ke saƙa. Kwashiyoko kumburi take kawowa, uwa kuma na iya ɗaukarsa ƙiba, tunda a kunnenta tamowa rama ce. Ma'aunin kansa yakan yaudari mai awo. Sai an danna bayan ƙafafun yaro na daƙiƙa uku. In gurbin yatsa ya zauna, a garzaya asibiti. Don haka muke ganin ya kyautu littattafan horar da masu reno su bambance "tamowar rama" da "tamowar kumburi".