Perdita: Sunan da ke nufin "ɓatacciya" amma har yau bai ɓace ba

Ba kasafai ake cin karo da mace mai suna Perdita ba, ko a Ingila inda sunan ya samo asali. Ba abin mamaki ba ne idan iyaye suna ɗari-ɗari da shi, domin a harshen Latin ma'anarsa ita ce "wadda ta ɓata".

Marubucin nan William Shakespeare ne ya fito da sunan a wasan kwaikwayonsa The Winter's Tale, wanda aka fara bugawa a 1623. A cikin labarin, Sarki Leontes ya zargi matarsa da cin amanar aure, ya sa aka jefar da jaririyar da ta haifa a wata ƙasa mai nisa. Wani makiyayi ya tsince ta ya rene ta, sai bayan shekara 16 asalinta ya bayyana.

A 1779, 'yar wasa Mary Robinson ta fito a matsayin Perdita a dandalin Drury Lane da ke Landan. Yarima mai jiran gado, wanda daga baya ya zama Sarki George na Huɗu, ya kamu da sonta, ya yi mata alƙawarin fam 20,000. Ta bar sana'arta, shi kuma ya juya mata baya ba tare da cika alƙawarin ba. Laƙabin Perdita ya bi ta har rasuwarta a 1800, duk da sunan da ta yi daga baya a fagen rubutu.

Sunan ya kai har sararin samaniya. A 1999 aka gano wani ƙaramin wata na duniyar Uranus a hotunan da kumbon Voyager 2 ya ɗauka tun 1986. Ba a tabbatar da shi ba sai a 2003, lokacin da madubin Hubble ya sake hango shi. Daga nan aka raɗa masa Perdita.

A wannan shekara ta 2003 kuma Perdita Felicien ta Kanada ta lashe zinare a tseren tsallake shinge na mita 100 a gasar duniya da aka yi a birnin Paris.

Abin lura shi ne, jaririyar da aka fara kira da sunan ta ƙare ne a gidan mahaifinta.