Sanin kai a shugabanci: Abin da tarihin Malam Abdullahi na Gwandu ke koya wa ma'aikata da 'yan kasuwa

A ofisoshin gwamnati da shagunan kasuwa an saba ɗora laifin lalacewar aiki a kan ƙarancin kuɗi, ko rashin kayan aiki, ko lalacin na ƙasa. Ba kasafai ake tambayar ko shugaban da kansa ya san halinsa ba: abin da ya iya, abin da ya fi ƙarfinsa, abin da ke tunzura shi, da yadda na ƙasa da shi ke kallonsa. Wannan shi ake kira sanin kai. Tarihin garin Gwandu da ke Jihar Kebbi yana ɗauke da misalinsa a rayuwar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanin Shehu Usmanu.

Malam Abdullahi shi ne ya jagoranci rundunar jama'ar Shehu a yaƙin Tafkin Kwatto a 1804, shi ne kuma ya ci Birnin Kebbi a 1805. Duk da wannan matsayi, wajen 1807 ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka, domin ya ga son mulki da tara dukiya sun fara shiga zukatan wasu mayaƙa, ya kuma ji tsoron kada abin ya shafe shi. Shi da kansa ya ba da labarin a littafinsa Tazyinul Waraƙat. Da ya isa Kano sai jama'a suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. A can ya rubuta Liya'ul Hukkam, ya karantar da tafsiri, daga baya ya koma gida. Ya fara da binciken zuciyarsa, amma bai tsaya a kan ra'ayinsa na farko ba: da mutane suka nuna masa inda amfaninsa yake, ya saurare su.

Jarrabawa ta biyu ta fi wannan nauyi. A 1812 Shehu ya raba kula da ƙasa gida biyu, ya ba Malam Abdullahi yamma, ya ba ɗansa Muhammadu Bello gabas. Da Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a a Sakkwato kafin baffansa ya iso, kuma hakan ya jawo sanyin dangantaka a tsakaninsu. Bayan 'yan shekaru tawaye ya yi ƙarfi a Kalambaina, kusa da Gwandu, sai Bello ya kawo ɗauki aka murƙushe shi. Masu tarihi sun ruwaito cewa da suka haɗu, Bello ya yi niyyar sauka daga doki don girmama baffansa, amma Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Bayan haka ya bar yawancin harkokin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya mayar da hankali ga karantarwa da rubutu har rasuwarsa a 1829. Da ya riƙe ɓacin ransa, da daular da ba ta kai shekara ashirin ba ta iya tsagewa biyu.

Wannan ɗabi'a tana da suna a wurin malaman Musulunci: muhasaba, wato mutum ya yi wa kansa hisabi. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya kwatanta ta da yadda ɗan kasuwa ke zama da abokin cinikinsa su ware uwar kuɗi da riba da hasara. A Amurka ma, littafin Daniel Goleman na 1995 kan basirar sarrafa motsin rai ya sanya sanin kai a matsayin tushen sauran halaye. Masana biyu, Joseph Luft da Harrington Ingham, sun nuna tun 1955 cewa kowane mutum yana da wani ɓangare na halinsa da wasu ke gani shi ba ya gani. Bahaushe ya riga ya faɗa: gwano ba ya jin warin jikinsa.

Yadda wannan ke shafar yawan aiki a bayyane yake. Daraktan da bai san yana da saurin fushi ba zai yi wa magatakarda tsawa ranar da ya kawo masa labarin kuskure. Gobe magatakardan zai ɓoye kuskuren, fayil ya kwanta a cikin durowa, sai matsalar ta girma sannan ta fito. Shugaban da yake jin babu mai iya aiki sai shi zai tara kowace takarda a teburinsa, ranar da ya yi tafiya ofis ya tsaya cik. Haka attajirin da ya gwanance wajen sayen hatsi amma bai iya lissafi ba: idan ya amince da gazawarsa ya ɗauki mai rubuta shiga da fita, jarinsa zai tsira, idan girman kai ya hana shi, bashi zai cinye shi yana zargin yaran shago.

Ƙasar Gwandu ta yau tana da wuraren da wannan darasi ya shafa kai tsaye. A Ƙaramar Hukumar Kalgo ne mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi yake, wadda aka kafa a 2013, ga sakatariyoyin ƙananan hukumomi, ga makarantu da asibitoci. A irin waɗannan wurare ƙarin girma yakan zo ne da shekarun aiki da takardun shaida, don haka malami ko akanta nagari kan wayi gari yana shugabantar mutane ba tare da an taɓa gwada shi a kan haka ba. Fom ɗin APER da aka daɗe ana cikewa duk shekara na sama ne ke auna na ƙasa, kuma sau da yawa ana cika shi da yabo don kada a ɓata wa kowa. Ga kuma kunya da girmama na gaba, waɗanda ke hana ƙaramin ma'aikaci faɗa wa maigidansa gaskiya ido da ido.

Saboda haka shugaban da ke son sanin kansa sai ya nemi hanyar da kansa. Zai iya ware ɗan lokaci a ƙarshen mako ya rubuta shawarwarin da ya yanke, da dalilinsu, sannan ya dawo bayan wata uku ya ga abin da suka haifar. Zai iya zaɓar mutum biyu ko uku da ba sa neman komai a wurinsa, ya yi musu tambaya takamaimiya, kamar wane hali nasa ne ke jinkirta aiki, ya saurara ba tare da kare kansa ba. Wanda ya faɗa masa gaskiya kuma kada ya ga sauyin fuska washegari, domin sauran ma'aikata suna kallo, kuma daga abin da ya sami na farko za su yanke ko su yi magana ko su yi shiru. Abin da ya gano bai iya ba, ya miƙa shi ga wanda ya iya, tare da ikon yanke hukunci a kansa.