KAFIN A LODA SHANU, A DUBA BIRKI

Mu dai mun saba, in za mu sayi sa a kara sai mun duba haƙori da kofato, mun sa an kora shi mun ga tafiyarsa. Amma motar da za ta kwashe jarinmu kacokan, sai mu yi ciniki da direba kawai mu ce a loda. To, wannan sakaci ne, domin kuwa hanyarmu ba gajera ba ce: daga Paga ko Bawku zuwa Tamale, a haye gadar Yapei da ta Buipe, a bi Kintampo da Techiman har Kumasi, wasunmu ma su zarce Tulaku a Ashaiman. Tamale zuwa Kumasi kaɗai ya kusa kilomita 400. Ba mu manta da hatsarin watan Fabrairu na 2016 kusa da Kintampo ba, inda bas ta yi karo da motar tumatir, fiye da mutum 50 suka rasu, aka kuma ambaci birki cikin dalilan. Allah Ya jiƙansu.

Birki ba ya mutuwa farat ɗaya, sai ya yi gargaɗi tukuna. A motar da ke aiki da man birki, in an taka aka ji laushi kamar soso, iska ce ta shiga bututu, sai an fitar da ita. In kuwa ƙafa na kai amma birkin na nitsewa a hankali, mai ne ke yoyo. Motar da ke karkata gefe guda in an taka, ƙafa ɗaya ce ke kamawa fiye da ɗaya, ko kuma maiƙo ya ɓata takalmin birki. Ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe kuma, takalmin ne ya cinye. Shi man birki yana shan danshi. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yakan sauko wajen 155, shi ya sa ake canja shi duk shekara biyu.

Manyan motocinmu galibi birkin iska gare su. A nan sai a kalli agogon iska. In an tayar da inji allura ta daɗe ba ta hau ba, ko an kashe inji an taka birki ana jin tsiii, akwai inda iska ke zurarewa. Ƙarƙashin tankin iska akwai ɗan famfo da ya kamata yaron mota ya buɗe kullum ruwa ya fita, musamman da damina.

Akwai kuma wanda laifin tuƙi ne. Direban da ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga saman gangara, irin ta Nakpanduri, ganga za ta yi zafi har birkin ya daina kamawa, ko da sabo ne. Maganinsa a sa ƙaramar giya tun kafin a fara gangarowa. A kuma tuna, in gudu ya ninka biyu, nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya ninki huɗu yake yi. Ga shi kayanmu mai rai ne. Birkin gaggawa kan tura shanu gaba gaba ɗaya, na ƙasa a tattake shi, a wayi gari ana yanka a bakin titi ana sayar da nama a wulaƙance.

Saboda haka shawararmu ita ce, kafin a loda a ce wa direba: "Maigida, don Allah ɗan zagaya da ita mu ga birki." A nemi takardar lafiyar mota ta DVLA, wadda motar haya ke sabuntawa duk wata shida. In an ga alama ko guda, a kira bakanike nan Tamale ya gyara, ko da za a kwana. Kasuwar da ta wuce wata na zuwa, amma san da ya karye ba ya komawa kara. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.