Matsalar Ba Da Maki Ga Ɗalibin Da Ya Mai Da Tatsuniya Wasan Sinima

Malamin Hausa da ya umarci 'yan aji biyar na sakandare su ɗauki tatsuniya guda su mai da ita rubutun wasan sinima, lalle ya ɗora wa kansa aikin da ya fi na yaran wuya, domin ran da takardu suka taru a teburinsa tilas ya san abin da zai ba da maki a kansa. Abin da ya fi sauƙi shi ne ya ɗauki jan biro ya bi su kamar insha'i, ya zagaye inda aka manta ƙugiyar harafi, ya rage maki inda aka haɗe kalmomin da ya kamata a raba. To, ta nan ne akan zalunci yaro mai basira ba tare da an sani ba.

Ba laifin malamin ba ne duka. Da ma'aunin insha'i aka horar da shi, irin wanda Hukumar Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, ta saba da shi, watau duba ƙunshiya da tsari da iya sarrafa harshe da ƙa'idojin rubutu. Amma shi rubutun sinima ba don a zauna a karanta ake yinsa ba. Umarni ne ga mai ɗaukar hoto da 'yan wasa, kuma bisa al'adar masu sana'ar, kowane shafi guda yana daidai da kimanin minti guda a majigi.

Ita tatsuniya ta riga ta yi ƙaura sau ɗaya, daga bakin tsofaffi zuwa takarda. Frank Edgar ya buga littattafansa uku na tatsuniyoyin Hausa tsakanin 1911 da 1913, marigayi Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya fito da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Abin da ake nema daga ɗalibi yanzu ƙaura ce ta biyu, daga kunne zuwa ido, irin wadda Adamu Halilu ya yi wa littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa a 1976. Tun kuwa da aka fito da Turmin Danya a Kano a 1990, wannan aiki ya zama sana'ar da mutane ke ci da ita.

A ɗauki tatsuniyar Gizo da hankaki alal misali, inda suka ara masa gashin fukafukansu don ya bi su cin ɓaure a tsakiyar kogi. Wani ɗalibi ya rubuta da Hausa tsab cewa Gizo mai haɗama ne ƙwarai, hankaki kuwa ransu ya ɓaci. Babu kuskure ko ɗaya a jimlar, amma mai ɗaukar hoto ba shi da abin ɗauka, don ba a ganin haɗama da ido. Wani kuma, da rubutunsa mai kama da tafiyar tsutsa, ya nuna Gizo a kan reshe, duk ɓauren da hankaka ya kai wa baki sai ya yi ihu shi ya fara ganinsa, jakarsa tana ta kumbura, su kuwa hankaki sun yi tsit suna kallon juna, can sai ɗaya ya matso ya zare gashinsa. Wannan na biyu shi ya gane aikin. Saboda haka tambayar da ta kamata malami ya yi wa kowane layi ita ce: ana ganin wannan, ko ana jinsa? In babu ko ɗaya, layin bai da wurin zama, kome daɗin Hausarsa.

Har ila yau akwai wani tarko a wajen zancen 'yan wasa. Kowa ya san Gizo da tsamin baki, kuma yaron da ya karkatar da haruffa da gangan a maganar Gizo ya nuna yana da kunne. Abin takaici, jan biron da ke farautar kurakurai shi zai fara faɗa wa.

Mafi wuyar hukunci shi ne batun canza labari. Yaran yau sukan ɗauke Gizo daga daji su kai shi tashar mota, su ba shi wayar hannu, wasu malamai kuwa su ga an ɓata gado. A 1928 wani masani ɗan Rasha, Vladimir Propp, ya nazarci tatsuniyoyin ƙasarsu, ya nuna cewa sunaye da wurare suna canzawa amma ayyukan da ke tura labari gaba ba su wuce 31 ba. Ko da yake ba a kan tatsuniyar Hausa ya yi aikinsa ba, dabarar tana da amfani ga mai ba da maki. Muddin haɗamar Gizo ce ta jawo aka ƙwace abin da aka ara masa, tatsuniyar tana nan da ranta ko a tasha ko a kogi. Wanda ya ɓata ta shi ne ɗalibin da ya sa Gizo ya tuba a ƙarshe ya tsaya yana wa'azi, alhali kuwa a tatsuniyar da ya faɗa ruwa sai ya yaudari kadoji ya cinye musu ƙwai. Sau da yawa irin wannan wa'azi ne ke samun babban maki, don yana faranta wa manya rai.

Ƙa'idojin rubutu suna da nasu kaso, amma bai kamata ya wuce maki uku ko huɗu cikin ashirin ba.

Tun da manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta kawo tsarin auna ɗalibi a kai a kai cikin zangon karatu, malami yana da damar da jarrabawar ƙarshe ba ta da ita, watau ya raba wa 'yan aji matsayi su karanta rubutun a bayyane, shi yana riƙe da agogo. Nan take za a ji inda zance ya yi tsawo da inda aji ya fashe da dariya. In kuma aikin rukuni ne, ko ana zaton an kwafo shi daga intanet, sai a tsai da kowane yaro a tambaye shi dalilin da ya sa fitowa ta uku ta zo kafin ta huɗu.