Zafi da Sanyi a Cikin Ofis

Akawu yakan wuni a zaune cikin ofis, yana rubutu ko lissafi. In zafi ya yi yawa, sai gumi ya keto masa, barci ya riƙa fizgarsa. In kuwa sanyi ya yi yawa, sai yatsunsa su sandare, ya kasa riƙe alƙalami. Ko wanne ya same shi, aiki ya ɓaci.

Zafin jikin mai lafiya wajen digiri 37 ne, ko a Sakkwato yake ko a Ingila. Amma jiki yana sabawa da ƙasar da yake zaune. Saboda haka ɗakin da mutumin Ingila zai ce ya cika zafi, Basakkwace ya shiga ya ce, "Madalla da wannan sanyi!"

Cikin shekarar 1902 wani mutumin Amurka, wai shi Willis Carrier, ya ƙera na'urar sanyaya iska. Sannu a hankali ta bazu cikin ofisoshin duniya. To, amma na'urar nan tana shan wutar lantarki ƙwarai.

Dubi dabarar mutanen Japan. Ƙasarsu tana da lokacin zafi mai yawan gumi, ga shi kuwa ma'aikatansu sun saba sa kwat, da ɗan ƙyallen nan da Turawa ke ɗaurawa a wuya. Sai an sanyaya ofis ƙwarai kana su iya zama. Cikin 2005 gwamnatinsu ta ce a bar ofisoshinta a kan digiri 28 lokacin zafi, ma'aikata kuwa su ajiye kwat su sa riguna marasa nauyi. Firayim Minista Koizumi da kansa ya fito haka. Da wannan aka rage ɓarnar wuta.

Irin wannan hikima ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Magina sukan yi soro da katanga mai kauri da 'yan tagogi ƙanana, domin zafin rana yana daɗewa bai ratsa ƙasa ba. Riga mai faɗi kuma tana barin iska ta shiga ta busar da gumi.

Ashe jin daɗin ma'aikaci ba ga na'ura kaɗai yake ba. Sabo da tufafi da irin gini duk suna da nasu rabo.

Tambayoyi
1. Me ke samun akawu in zafi ya yi yawa?
2. Wace dabara aka yi a Japan cikin 2005?
3. Don me soro yake da sanyi da rana?