Fenti, Almakashi da Zare a Ɗakin Aikin Henri Matisse

Mu da muke koyon zane a wannan makaranta mun saba jin ana cewa aikin fenti shi ne babba, ɗinki na teloli ne, yankan takarda kuwa wasan 'yan firamare. Saboda haka muka ga ya dace mu kawo wa ɗalibai da malamai da iyayenmu na ikilisiya labarin wani Bafaranshe mai suna Henri Matisse. Shi ya tara ukun nan a ɗaki ɗaya, kuma lokatan shekara da ƙarfin jikinsa su ne suke nuna masa wanda zai kama.

An haife shi ran 31 ga Disamba, 1869, a arewacin Faransa, ya girma a garin Bohain. A lokacin garin masaƙa ne, inda ake saƙa yadi mai tsada ana kai wa telolin Paris. Mahaifinsa fataucin hatsi yake yi, ya kuma so ɗansa ya zama lauya. Har ya fara aikin akawu a ofishin wani lauya sai ciwon ciki ya kwantar da shi yana ɗan shekara 20. Mahaifiyarsa ta kawo masa akwatin fenti don ya rage zaman kaɗaici. Daga nan hankalinsa ya bar aikin shari'a. Amma son yadi bai bar shi ba. Duk tsawon ransa yana tara ƙyallaye da labule da darduma da riguna, wasu daga Aljeriya da Maroko inda ya yi tafiya a 1906 da 1912, wasu kuma saƙar kaba ce ta mutanen Kuba na ƙasar Kwango. In zai yi zane sai ya rataye su a bango, ya shirya ɗakin tukuna kafin ya taɓa burushi. Wanda ya duba zanensa da kyau zai ga sau da yawa labulen ya fi mutumin da ke zaune gabansa ɗaukar ido.

Sai mu yi bayani kan batun lokatan shekara, domin hunturun Turai ba irin namu ba ne. Namu yana zuwa da ƙura da hazo, amma rana tana nan. A Paris kuwa, cikin Disamba, kafin ƙarfe biyar na yamma duhu ya yi, gari kuma yakan wuni a lumshe. Ga mutumin da launi ne abincinsa, wannan asara ce ta watanni. A Disamba 1917 Matisse ya sauka a Nice, wanda ake faɗi Nis, birni ne a bakin Bahar Rum a kudancin ƙasar. Ya tarar da ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, har ya ɗaure kayansa zai koma. Kashegari iska ta kore gizagizai, ya ga irin hasken da wurin yake da shi a tsakiyar sanyi, ya kwance kayan. Daga nan shekararsa ta rabu biyu. Da sanyi ya kama sai ya tafi Nice, ya kama ɗaki mai taga tana duban teku, ya yi ta zane daga safe. Idan zafi ya shigo sai ya koma arewa wurin iyalinsa kusa da Paris. A 1921 ya kama gida nasa a Nice. Yawancin zanensa na shekarun nan abu ɗaya ne yake ta maimaitawa: taga a buɗe ko an ɗan tura ƙyaurenta, labule, tulun furanni, da shuɗin teku can baya.

A Janairu 1941, yana da shekara 71, aka yi masa babbar tiyata ta hanji a birnin Lyon. Ba a sa rai zai tashi ba, har sistocin da suka yi jinyarsa suka laƙaba masa suna "wanda ya tashi daga matattu". Ya tashi ɗin, amma tsayuwa mai tsawo gaban allon zane ta gagare shi. Yawancin yininsa a gado ne ko kan kujera mai taya.

Nan ne almakashi ya shigo. Ga yadda aikin yake tafiya. Mataimakansa, ƙarƙashin wata 'yar Rasha mai suna Lydia Delectorskaya wadda take kula da ɗakin aikin, sukan shafe manyan fararen takardu da wani fenti mai kauri da ake damawa da ruwa, kowace takarda launi ɗaya. In sun bushe sai a kawo masa. Ya ɗauki babban almakashi irin na tela, ya shiga yanka kai tsaye, sau da yawa ba tare da ya ja layi da fensir ba, yana juya takardar da ɗaya hannun kamar yadda tela yake juya yadi. Ganye ya fito, ko tsuntsu, ko kifi, ko tauraro. Daga nan wata mataimakiya ta hau tsani da fil da ƙaramar guduma, shi kuma yana daga gado yana nuna mata: ɗaga sama, karkata hagu, cire wancan. Yanki ɗaya yakan yi kwanaki ko watanni yana yawo a bango kafin ya sami mazauninsa, sa'an nan a manne shi. Har yau masu gyaran tsofaffin zane suna ganin ɗimbin ramukan fil a jikin takardun. A ganinmu wahalar aikin ba a yankan take ba, a wannan haƙurin take.

A 1946, a gidansa na Paris, ya yanka tsattsewa daga takardar wasiƙa, ya sa aka kafa ta a bango don ta rufe wani tabo. Aka yi ta ƙara mata kifaye da ciyawar teku irin waɗanda ya gani a tsibirin Tahiti a 1930, har bango biyu suka cika. Daga baya aka buga su a kan yadi. A 1947 littafinsa mai suna Jazz ya fito da hotuna 20, dukansu daga yankakkiyar takarda. Wasu masu sharhi na lokacin sun ɗauke shi tsoho ne yana rage lokaci. Amma da aka tara waɗannan ayyuka a gidan nuni na Tate a Landan a 2014, fiye da mutum 500,000 suka je kallo.

Abin da zai fi jan hankalin 'yan ikilisiya shi ne majami'ar da ya tsara. A 1942 wata yarinya mai koyon aikin jinya, Monique Bourgeois, ta riƙa kwana tana kula da shi. A 1943 ya ƙaura zuwa ƙaramin garin Vence, kan tudu kusa da Nice, don gudun bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu. Yarinyar nan ta shiga ƙungiyar sistocin Dominik, aka sa mata suna Sista Jacques-Marie, aka kuma tura ta Vence, gidansu kusa da nasa. Sistocin ba su da wurin sujada sai wani tsohon gareji. A 1947 ta nuna masa ɗan zanen taga da ta yi, maganar ta yi ta girma har ya ɗauki nauyin tsara majami'a sukutum.

Mutane sun yi mamaki, gama Matisse ba mai zuwa coci ba ne. Abokinsa Picasso ma ya tambaye shi me ya hana shi tsara kasuwa, ya zana kayan lambu da 'ya'yan itace. Matisse bai fasa ba. Ya ba aikin shekara huɗu. A farkon 1949 ya koma manyan ɗakunansa na Nice domin bangayensu sun kusan kai girman na majami'ar. Ya ɗaura gawayi a bakin doguwar gora yana zane a bango daga zaune. Tagogin kuwa da takarda ya fara yanka su kafin a kai wa masu aikin gilashi, launi uku kawai: shuɗi, kore da rawaya. Sauran bangon farar tayil ce mai zane da baƙin layi: Waliyyi Dominik, Maryamu da Yaron, da Hanyar Gicciye. Wannan na ƙarshe bai yi wa kowa daɗi ba. Ya cusa matakai 14 ɗin a bango ɗaya, da layuka masu kaushi kamar an yi su cikin gaggawa. Mu dai muna ganin da gangan ne, domin wahalar Ubangijinmu ba abin ado ba ce.

Ɗinki ya zo a ƙarshe. Kamar yadda muka sani, ikilisiya ma tana da lokatanta, kowane da launinsa. Matisse ya tsara babbar rigar da Fada yake sawa lokacin Mas har kala shida: shunayya don makonnin jiran Kirsimeti da lokacin Azumi, fara don Kirsimeti da Ista, ja don Fentikos da ranakun shahidai, koriya don sauran makonnin shekara, baƙa don jana'iza, sai mai ruwan hoda wadda Lahadi biyu kawai ake sa ta a shekara. Bai riƙe allura da kansa ba. Ya yanka kowace riga da takarda daidai girmanta, ya kafa mata gicciye da ganye da taurari, sa'an nan aka miƙa wa masu ɗinki suka mayar da ita yadi. A baƙar rigar ma sai da ya zuba fararen siffofi, don a tuna da tashin matattu.

An keɓe majami'ar ran 25 ga Yuni, 1951. Rashin lafiya ya hana shi zuwa, ɗansa Pierre ne ya wakilce shi. Ya ci gaba da yanka: a 1952 ya yi tagar daren Kirsimeti da aka nuna a Niyok, a 1953 kuma ya yi Katantanwa, wadda tsawonta da faɗinta kowanne ya kusa mita 3. Ya rasu a Nice ran 3 ga Nuwamba, 1954, yana da shekara 84.

Majami'ar ƙarama ce, tsawonta wajen mita 15. Ba a shafa launi a bangonta ko daɓenta ba, rana ce take ɗauko shi daga gilashi ta zuba a kan farar tayil, saboda haka kamanninta suna sauyawa daga wata zuwa wata. Da zafi rana tana can sama, hasken bai cika shiga ciki sosai ba. Da hunturu kuwa tana ƙasa-ƙasa, sai shuɗin da koren su miƙe bisa daɓe su hau bangon da ke fuskantarsu. Matisse da kansa ya fi son a gan ta da hunturu, wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe.