Jan Biro a Kan Rubutunka: Abin da Ya Kamata Sabon Marubuci Ya Sani

A 1933 Abubakar Imam yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, yana ɗan shekara 22, sa'ad da Hukumar Fassara ta Zariya ta sa gasar ƙagaggun labarai. Ya shiga da Ruwan Bagaja, littafin ya yi fice. Duk da haka, a 1936 Rupert East, shugaban hukumar, ya ɗauko shi zuwa Zariya, ya tara masa littattafan labaran Larabawa da na Turai. Imam yana rubutawa, East yana dubawa, har Magana Jari Ce ya kammala, littafi uku. Wanda ya riga ya yi suna ne fa ya zauna ana duba masa aiki.

Yau abin ya sauya. Marubuciya za ta saki shafi a WhatsApp da daddare, kafin asuba an cika ta da "Allah ya ƙara basira". Addu'a ce mai kyau, amma ba ta nuna inda labari ya kwance.

Mai dubawa na gaske shi zai ce miki, "Ƙanwata, a shafi na 12 kin kashe mahaifin yarinyar nan, ga shi a shafi na 40 yana karɓar sadakinta." Ko ya ja layi a ƙarƙashin shafi biyu da aka ɓata wajen lissafa leshi, mota da kujerun falo, ya rubuta kalma ɗaya a gefe: "Cire." A nan zuciya ke tafasa, don wata ƙila wurin da ya ce a cire shi ne wanda aka fi so. Dabarar ita ce kada a mai da martani a ranar. A ajiye takardun kwana biyu, sannan a karanta wurin da babbar murya. Sau da yawa kunne zai yarda da abin da zuciya ta ƙi. Gyara kayanka ai ba ya zama sauke mu raba.

Ba kowane gyara ake ɗauka ba. Kuskuren ƙa'idar rubutu, kamar raba "yana" zuwa "ya na" ko mance ƙugiyar ɗ da ƙ, ba ya son gardama. Tsakanin "kafa" da "ƙafa" akwai tafiya. Idan kuwa malami ya ce wani babi yana da rauni, galibi ya yi daidai a kan wurin, amma maganin da ya kawo ba lallai ya dace ba. Labarin naka ne, kai za ka nemo masa mafita.

Sai horon kai, wanda shi ne ya fi kayar da mutane. In an yi da kai za ka kawo babi ranar Asabar, ka kawo, ko da gurgu ne. Malami yana iya gyara shafi mara kyau, amma wanda har yanzu yake cikin kanka ba shi da inda zai ɗora biro.